Waifai Har Ɗakin Bayan Gida

Yana saman tsani a ƙofar shagonsa, ƙusoshi a baki, ya ji an ce, "Malam, kai ne mai haɗa waifai?"

Ya duba ƙasa. Budurwa ce doguwa, mayafinta ya karkace, idonta ja irin na wadda barci ya daɗe bai ishe ta ba. Ya buɗe baki zai ce eh, ƙusoshin suka zubo, ɗaya ta faɗa cikin ledar maganin da ke hannunta.

Ta ciro ƙusar ta miƙa masa. "In haka kake aiki, gara in nemi wani."

"Wallahi ba haka nake ba. Yau ne kawai."

Mai Kebul ake kiransa a layin. Ita kuwa Auta ce a gidansu, da wannan sunan kowa ya san ta. Ya sauko ya ba ta kujera, ta ƙi zama, a tsaye ta faɗi abin da ya kawo ta.

Mamansu ce ba lafiya, ciwon ya shiga ƙashi. Tana kwance a wani ɗaki da ke can bayan gida, ita ta zaɓe shi, don ƙamshin girki yana tayar mata da amai, can kuwa akwai iska da shukokinta. Yanzu ba ta ɗaguwa. An taɓa gwada kawo ta falo, ihun da ta yi har maƙwabta sun leƙo, likita ya ce kada a sake.

"Yayana yana aiki a jirgin ruwa," in ji Auta. "Ba ya samun kira sai sun tsaya a tasha. Yanzu sun tsaya ana yi musu gyara. In suka tashi, sai bayan watanni. Mama kuma..."

"Data ba ta kamawa a ɗakin?"

"Ko kiran murya yankewa yake yi, benen maƙwabcinmu ya tsare ko'ina. Waifai ɗinmu kuma a falo yake ƙarewa. Na ce Yaya ya ɗauki bidiyo ya turo, na kai mata. Ta yi ta yi masa magana, tana tambayarsa ko yana cin abinci, shi kuwa yana ta faɗin nasa. Da ta gane ba ya jin ta, ta juya fuska bango. So take ta gan shi, shi ma ya gan ta, ta yi magana ya amsa. Shi ke nan abin da take roƙo."

Mai Kebul ya ja ƙofar shago, ya rataya jaka, ya bi ta.

Baban Auta tsohon magini ne, da hannunsa ya gina gidan, kuma duk wanda ya shigo sai ya ji labari. Ya dubi saurayin daga sama har ƙasa, ya dubi jakar.

"Mece ce sana'arka?"

"Waifai nake haɗawa, Baba."

"Wato iska kake sayarwa. Ni da na gama aiki, mutum ya jingina ya ji abu a bayansa. Kai naka ina yake?"

"Ba a ganinsa, Baba, sai dai in babu shi a sani."

Mai Kebul ya ƙwanƙwasa bangon falo, ya ji kamar dutse. Ya ce, "Baba, wannan ai ba bango ba ne, ganuwa ce."

Fuskar tsohon ta ɗan saki. "Bulo biyu na haɗa, rodi a ciki, siminti ba ha'inci. Ko aljani sai ya zagaya."

"To shi ya hana waifai fita. Hanya mafi sauƙi, in yi 'yar huda nan ƙasa, in zura kebul har ɗakin Mama. Kafin shayi ya huce an gama."

Sakin fuskar ya ɓace. "Huda? A bangona? Yau ka huda, gobe ruwa ya bi, jibi ya tsage. Yaro, in kana da dabara ka yi, in ba ka da ita ga ƙofa."

Akwai mutanen da in tsoro ya kama su sai su riƙe wani ƙaramin abu gam, don babban ya fi ƙarfinsu. Baba bai iya hana ciwon matarsa ba, amma bangonsa dai ba mai taɓawa.

Auta ta kai shi gaida Mama. Ɗakin ƙarami ne, gado a jikin taga, kwalaben magani a kan teburi, tukwanen furanni jere a waje. Matar ta rame har zobe yana yawo a yatsanta, amma idonta garau.

"Kai ne za ka kawo mini ɗana?"

Ya durƙusa. "Da yardar Allah, Mama."

"Kada ka ce za ka yi in ba za ka iya ba. Na gaji da jin sai gobe."

"Zan yi, Mama."

Ya yi alkawarin ne kafin ya san ta inda zai bi. A waje ya yi wa Auta bayani. Tunda ba huda, sai ya samo wani ɗan akwati da ake ratayawa a waje, wanda ruwa ba ya ɓata shi. Akwatin yana kamo waifai ɗin cikin gida ya cilla shi gaba. Amma dole a ajiye shi inda waifai ɗin yake da ƙarfi, in ba haka ba rauninsa zai cilla.

"Kin ga alamar nan a saman wayarki, ɗigo da layuka a kansa? Inda layukan suka cika nake nema. Bangon Baba ba ya bari, amma gilashi yana bari. Dole akwai inda yake yoyo."

Akwatin sai an aiko masa daga wani gari. Kafin ya iso, kullum da yamma yana zuwa, ya matsar da na'urar falo nan, ya ɗaga ta can, ya fita bayan gida yana zagaye da waya a sama kamar mai neman wata. Auta takan kawo masa ruwa, ta tsaya riƙe da kofin tana kallonsa. Rannan ya tarar da ita zaune a bakin baranda tana kuka ba sauti. Bai ce ta yi haƙuri ba, ta ji wannan har ta gaji. Wankin da ta bari ya ɗauka, ya matse, ya shanya mata a igiya, duk a karkace.

Ta share ido. "Malam Ƙusa, haka ake shanya a gidanku?"

"A gidanmu ba mai koya mini. Ina neman malama."

Dariyar da ta yi har Mama ta jiyo daga ɗaki.

Daga nan saƙo ya fara tafiya tsakaninsu.

"Autar Mama, kin ci abinci? Kada ki ce eh, na ga kwanon a rufe."

"Malam Ƙusa, kebul aka ɗauko ka yi ko gadin kwano?"

"Duka biyu. Mai jinya ita ma sai an yi jinyarta. In kin faɗi wa zai ɗaga mu?"

"Mu? Kai da wa?"

"Ni da Mama. Ita ciwonta likita ya san shi. Ni nawa tun ranar da ƙusa ta faɗa ledarki."

Ta rubuta: "Ka kawo mata Yaya tukun. Zuciyata ba ta da wurin ajiye komai yanzu. Amma in da wuri, da kai ne."

To, ba shi kaɗai yake da ido ba. Mai benen da ke jikin gidansu yana da shagon magani, Mai Kemis ake ce masa. Shi yake kawo wa Mama allurai har gida, ya zauna da Baba suna hira, kuma tuni ya gaya wa Baba yana son Auta. Baba ya ce maganar tana hannunta, ita kuwa ta ce jinya take yi. Mutumin bai ƙi jira ba, sai da ya fara hango daga tagarsa ta sama wani yana shanya wanki a igiyar da shi yake ganin tasa ce.

Ranar da akwatin zai iso, Mai Kebul ya zo da wuri. Auta tana ciki, ta fito wanka ke nan. Ya bi jikin gidan yana ɗaga waya, layi ɗaya, ɗigo, layi ɗaya. Da ya zo tagar ƙarshe sai ya ga layi na biyu ya leƙo. Ya ƙara ɗagawa, hannunsa bai kai ba. Ya jawo wani bokitin fenti, ya kifa, ya hau, ya miƙa hannu can saman tagar. Layukan suka cika fal. Murna ta sa har ya yi tsalle daga kan bokitin. Bai ko lura tagar ɗakin wa ce ba.

Ya je tashar mota ya karɓo akwatin, ya dawo yana sauri. A ƙofar gida ya tarar da Baba tsaye, Mai Kemis a gefensa, Auta a bayansu fuskarta kamar an watsa mata toka.

Baba ya miƙo masa wayar Mai Kemis. Hoto ne daga sama: ga shi a kan bokiti, hannu a miƙe, idon wayarsa yana kallon tagar Auta.

"Wane ne wannan?"

"Ni ne, Baba. Waifai nake..."

"A tagar 'yata waifai yake kwana? Tana ciki tana sa kaya?"

"Ni dai ba na son in shiga maganar mutane," in ji Mai Kemis, "amma abin da na gani ba zan iya yin shiru ba. Zamanin nan sai ka ga hoton 'yar mutane yana yawo."

Mai Kebul ya ciro wayarsa. "Baba, ga ta, a duba ko'ina."

"Bayan ka goge? Ko bayan ka tura? Na buɗe maka gida saboda mai ciwo, ka ci amanata. Ka rantse mini ƙafarka ba za ta sake taka gidan nan ba."

"Baba, ga akwatin a hannuna, aikin ya zo ƙarshe. A bar ni in rataya, sannan a kore ni."

"Ka rantse!"

Ya dubi Auta. Da ta ɗago ido ta dube shi, da ya tsaya ya yi gardama har gobe. Ƙasa take kallo. Ta san yana yawo da waya a sama, ta gani da idonta. Amma bokiti, da tagarta, da lokacin da ta fito wanka, waɗannan ukun sun taru sun sa mata shakka.

"Na yi alkawari, Baba," ya ce, ya juya da akwatinsa.

Saƙonsa ya shigo kafin ya kai shago.

"Auta, ban ga komai ba sai layukan waya. Allah ne shaidata. In kin ƙi ni ba komai, amma wurin yana nan, saman tagarki ta hannun hagu. Ki gaya wa duk wanda za a kawo."

Ta karanta sama-sama, ta kife wayar.

Mai Kemis ya ce a bar masa komai. Washegari ya zo da wata 'yar na'ura da ya saya a kasuwa, ya soka ta a soket ɗin baranda. Wayar Auta ta nuna layuka cike har ƙofar ɗakin Mama. Aka gyara wa Mama filo, aka ɗaura mata ɗankwali mai kyau, ta ce a shafa mata hoda kada ɗanta ya tsorata. Auta ta kira. Wayar ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, ta yanke. Ta sake, haka. Na'urar tana ihu ne kawai, ba abin da take ji daga cikin gida balle ta isar.

"Wataƙila daga can jirgin ne," in ji Mai Kemis, ya tuna ya bar shago ba kowa.

Mama ta zare ɗankwalin a hankali. "Ina yaron nan da ya yi mini alkawari?"



Baba ya nemo wani mai haɗa waifai, ya ce yana da aiki sai wani mako. Aka nemo wani, ya zo ya ce sai an huda, kuma injinsa yana wurin gyara. A wannan karon Baba bai ce a'a ba, bai ce eh ba, ya dai tsaya yana shafa bangon. Mama kuwa ta daina karɓar ko shayi. Likita ya zo ya duba, ya ja Baba gefe, da suka dawo ba wanda ya tambayi abin da aka ce.

Sai ga saƙon Yaya da la'asar: "Auta, an gama gyara. Yau kafin rana ta faɗi a wurinku za mu tashi. Don Allah ko fuskarta ce in gani. Ina nan riƙe da waya."

Auta ta karanta a falo. Ta zauna a ƙasa ta buɗe saƙon Mai Kebul da ta ƙi amsawa. Ta sake karanta shi, wannan karon har ƙarshe da hankali. Mutumin da aka kora da zargi irin wannan, abin da ya dame shi shi ne a gaya wa wani inda za a rataya akwati. Ta rubuta, hawaye yana ɗiga a gilashin:

"Malam Ƙusa, na yi maka laifi, na sani. Jirgin Yaya zai tashi yau. Mama ba ta ci ba ta sha. Ban da kowa sai kai."

Amsa ta zo kamar dama yana riƙe da ita.

"Ki zo katangar baya. Na yi wa Baba alkawari ba zan taka gidan ba, kuma ba zan taka ba. Amma ban yi alkawarin ba zan tsaya a lungu ba. Ke za ki yi aikin, rabin raina. Ni ne baki, ke ce hannu."

Ta ruga. Jaka ta leƙo ta saman katanga a kan sanda, ta karɓa. Ba ta ganinsa, sai numfashinsa da take ji ta bayan bulo.

"Kana nan tun yaushe?"

"Kullum nan nake wucewa, ko za a kira. Kada ki ɓata lokaci, duba wayarki, kada Baba ya ji muryata."

Saƙonnin suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Na riga na saita akwatin, ya san waifai ɗinku. Ki cire na'urar Mai Kemis daga soket ɗin baranda, ki sa doguwar wayar wutan da ke cikin jaka."

"Na sa."

"Yauwa gwanata. Yanzu ki je tagarki, ki ɗaga waya ta hannun hagu, sama. Inda layuka suka cika, nan ne gidansa. Kada ki rataya a ƙasa da nan ko da taƙi ɗaya."

Ta ɗaga, layi ɗaya. Ta yi ɗage, layi biyu, ya koma. Ta jawo bokitin fenti ta hau, ta miƙe iya tsawonta, hannunta bai kai ba. Inuwar katanga ta fara cin tsakar bayan gida.

"Ban kai ba. Wallahi ban kai ba. Ka shigo, ni zan ɗauki laifin."

"In na shigo na zama abin da Baba ya ce. Ki nemi abin da ya fi bokiti tsawo. Ki yi numfashi, ina nan."

"Ke! Me kike yi a nan?"

Baba ne, ya fito daga ɗakin Mama da kofin da ta ƙi sha. Ya ga jakar, ya ga akwatin, ya gane na wane ne. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ya shigo gidan nan?"

"Bai shigo ba, Baba." Ba ta sauko daga bokitin ba. "Ka doke ni in an gama. Yaya zai tafi yau. Hannuna bai kai ba, Baba, hannuna bai kai ba."

Daga cikin ɗaki aka ji muryar Mama, siririya kamar zare, tana kiran babban ɗanta, tana tambaya ko ya iso.

Baba ya ajiye kofin a ƙasa. "Sauko. Ba ni nan. Me ake dubawa?"

Ta nuna masa layukan. Tsoho ya tattare riga, ya hau bokiti, ya miƙa dogon hannunsa. Ya juya wayar don ya ga fuskarta.

"Biyu. Nan? A'a, ya gudu. Kai, wannan abu da shegen wayo. Nan fa?" Ya matsa hagu, ya ƙara miƙewa. "Ya cika! Ke, ya cika!"

Sai ya tsaya cak, hannunsa a sama. Ya dubi bokitin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ya dubi wayar: fuskarta tana kallonsa, idonta na baya kuwa yana kallon cikin tagar 'yarsa, don ba yadda za a yi mutum ya karanta layukan ba tare da hakan ba. A hankali ya waiga ya ɗaga kai zuwa tagar benen maƙwabci. Labule ya motsa.

"Miƙo akwatin," ya ce. "Da me za a ɗaure?"

Ba ta tsaya tambaya ba, ta fizgo igiyar shanya, kaya suka zube a ƙasa. Baba ya ɗaure akwatin a ƙarfen taga, ɗaurin magini, wanda ko guguwa sai ta haƙura. Wata 'yar fitila a jikinsa ta yi ja, ta yi ƙifce-ƙifce, ta koma kore.

Auta ta shiga ɗakin Mama da gudu, ta danna kira, ta riƙe wayar da hannu biyu. Ta yi juyi sau ɗaya. Sai ga Yaya, baƙi, ramamme, da hular aiki, ƙarafunan jirgi a bayansa.

"Mama?"

Ba ɗankwali, ba hoda. Mama ta ɗaga yatsa ta taɓa gilashin.

"Kana ji na?"

"Ina jin ki, Mama. Ina ganin ki."

"To me ya sa ka rame haka? Ba sa ba ku abinci ne?"

Ƙaton namiji ya fashe da kuka, ita kuwa dariya take yi, hawaye yana bin kunnenta. Ta tambaye shi sanyi, ta tambaye shi ciwon ƙafarsa, ta yi masa faɗan aski. Ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ya riƙe ƙanwarsa, ya yi haƙuri da ubansa. Suka yi ta yi har aka busa ƙahon jirgi, ya ɗaga mata hannu, ita ma ta ɗaga.

Da aka gama ta lumshe ido, ta ce, "Auta, ɗumamo mini shayin nan."

Baba yana bakin ƙofa, ya juya baya yana goge fuska da hannun riga. Ya sa takalmi ya fita ta ƙofar gida, ya zagaya har lungu. Mai Kebul yana tsugune a jikin katanga, waya a hannu, yana jiran labari. Da ya ga tsohon ya miƙe zumbur.

"Baba, ban taka ba. Ko inuwata ba ta..."

"Na sani. Sun gana. Na hau bokitin nan, yaro. Babba ba ya rasa kuskure, sai dai ya rasa bakin faɗa. Na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Haba Baba, wallahi ba komai."

"Da komai. Wuce mu je, na warware alkawarin. Tana nemanka."

Mama ta sa ya durƙusa kusa da gado, ta dafa kansa. Ta dubi Auta da ke laɓe a bayan ƙofa da kofi, ta dubi mijinta.

"Maigida, ciwo ne ya kwantar da ni, ba makanta ba. Waɗannan biyun na daɗe da karanta su. Ni kuma ba ni da lokacin jan rai. Ke, kina son sa?"

Auta ta rufe fuska da mayafi.

"Ba na jin mayafi. Da baki."

"Ina son sa, Mama."

"Kai fa?"

"Mama, ni ai tun..."

"Ya isa, kada ka cika mu da surutu. Ka turo manyanka."

Mai Kemis ya aiko da ban haƙuri ta bakin wani, ya ce shi abin da ya gani ya faɗa. Baba ya ce gaskiya ne, gani ya yi, amma da ya sauko ya tambaya kafin ya ɗauki hoto, da maƙwabtaka ta fi haka daɗi.

Ba a ja lokaci ba, don kowa ya san dalili. Aka ɗaura aure, 'yan uwa da maƙwabta suka cika gidan, aka buɗe ƙofar ɗakin Mama da tagarta don ta ga komai daga kwance. Da yamma aka kawo mata ango da amarya. Ta kama hannun Auta ta sa a nasa, ta rufe da nata biyun, marasa nauyi kamar ganye.

"Ɗana, ga ta nan. Tana da baki, na sani, ni ta gado. In ta yi faɗa ka ba ta abinci, yawanci yunwa ce."

"Mama!" in ji amarya, ɗaki ya ɗauki dariya.

"Ke kuma, mutumin da ya riƙe alkawari ranar da aka wulaƙanta shi, ba a yi masa zargi sau biyu. Kin ji ni?"

"Na ji, Mama."

"To Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin ƙai. Ya sa ku tsufa tare, har ku gaji da ganin juna ku kasa rabuwa."

Aka shafa, kowa ya ce amin. Baba ya fi kowa ɗaga murya, sannan ya zauna a bakin gadon ya riƙe ƙafar matarsa, ya ce wa yaran su tashi su tafi gidansu, nan akwai mai kula.